Ƴar Gidan Wa Ce Supra?

Ranar 14 ga watan Janairu na shekara ta 2019, a babban baje-kolin motoci na birnin Detroit da ke Amurka, Akio Toyoda, shugaban kamfanin Toyota a wancan lokaci kuma jikan wanda ya kafa shi, ya gabatar wa duniya wata mota mai kujeru biyu, mai dogon hanci da gajeren baya. Sunanta Supra. Shekara 17 ke nan rabon da a ƙera mota mai wannan suna, kuma a tsawon waɗannan shekaru masoyanta ba su gaji da roƙo da sauraren jita-jita ba. Kowa ya zaci guɗa za a yi. An yi ta kuwa, sai dai ba ta yi nisa ba gunaguni ya rinjaye ta, domin duk wanda ya ɗaga murfin injin motar, aikin kamfanin BMW na Jamus zai tarar. Injin nasu ne, shimfiɗar da aka ɗora jikin motar a kai tasu ce, maɓallan da ke gaban direba nasu ne, har ƴar ƙarar da ke tashi idan an buɗe ƙofa irin tasu ce. Ko harhaɗa ta ma ba a Japan ake yi ba. A birnin Graz na ƙasar Ostiriya aka ba kamfanin Magna Steyr aikin, a masana'anta ɗaya da abokiyar tagwaicinta, wato BMW Z4. Nan da nan masu ba'a suka raɗa mata suna Zupra, suka ari harafin farko na Bajamushiyar suka liƙa mata a goshi.

Kafin a yanke wa masu gunagunin hukunci, ya kyautu a san ko su wane ne. Da yawansu mutane ne da suka buɗe ido a ƙarshen shekarun 1990, suka fara tuƙa Supra a wasan bidiyo na Gran Turismo tun ba su isa riƙe sitiyarin gaske ba. Sai kuma ga fim ɗin The Fast and the Furious a shekara ta 2001, inda jarumi Paul Walker ya tuƙa wata Supra mai launin lemo. Yaron da ya kalli wannan fim yana ɗan shekara 15, a 2019 ya haura 30, yana da mata, watakila da ƴaƴa, da bashin gida a wuyansa. Hoton motar ya daɗe da sauka daga bangon ɗakinsa, amma yana nan a zuciyarsa. Ranar da aka ce masa Supra ta dawo, ƙuruciyarsa ya tafi tarya. Shi ya sa da ya iske baƙuwar fuska ya ji kamar an yi masa sata, alhali bai biya ko sisi ba, mai yiwuwa ma ba zai taɓa biya ba, tun da farashinta a Amurka ya fara ne daga wajen dala 50,000, kusan miliyan 30 na kuɗin sefa.

Supra da wannan mutum yake tunawa ita ce ta huɗu a jerin gidan, wadda aka ƙera daga 1993 zuwa 2002. Darajarta kacokan tana cikin injinta, wanda masoya suka haddace lambarsa kamar sunan ɗan uwa: 2JZ. Silinda 6 gare shi, jere reras a layi ɗaya, da turbo biyu, wato na'urorin da ke amfani da hayaƙin da ke fita domin cusa ƙarin iska cikin inji. Gangar jikinsa da baƙin ƙarfe aka zuba ta, mai kauri fiye da abin da ake buƙata. A Japan, bisa wata yarjejeniya ta fatar baki tsakanin masu ƙera motoci, ƙarfin doki 280 aka rubuta masa, a Amurka kuwa 320. To amma makanikai sun gano cewa injiniyoyin Toyota sun bar masa rara mai yawa. Sai su sauya turbo, su ƙara mai, su taɓa kwamfutar injin, ƙarfin ya ninka, wasu ma suka kai shi 1,000. A nan labarin Supra ya zama almara: motar Japanawa da ɗan gareji zai gyara da hannunsa, ya tsere wa motocin attajiran Turai.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da masoya ba su cika son a tuna musu ba. Lokacin da waccan Supra take sabuwa a shagunan sayarwa, kasuwarta ba ta ci ba. Kuɗin Japan ya yi tsada, farashinta ya haura, masu saye a Amurka suka karkata ga manyan motocin iyali, har Toyota ta janye ta daga can bayan 1998, shekara uku kafin fim ɗin da ya ɗaukaka ta. A Japan ta ƙarasa zuwa 2002, inda sababbin dokokin hayaƙi suka rufe babinta, a shekarar da suka rufe na Mazda RX-7 da Nissan Skyline GT-R. Sai bayan ta mutu aka san darajarta. Wadda aka rasa mai saye jiya, a ƙarshen shekarun 2010 an ga mai lafiya a cikinsu ta haura dala 100,000 a gwanjo, ita kuwa ta cikin fim ɗin an sayar da ita dala 550,000 a 2021. Kamfani ba ya cin riba daga cinikin tsohuwar mota. Masu lissafin Toyota sun san haka, kuma takardunsu ba su manta da 1998 ba.

Daga nan ne za a fahimci abin da ya kai Toyota ƙofar BMW. Motar tsere ta kan titi aba ce mai cin kuɗi wajen ƙira, masu sayenta kuma tsiraru ne. Misali ɗaya ya isa: sabuwar Supra ba ta taɓa kai 7,000 a shekara ba a kasuwar Amurka, alhali a 2021 kaɗai Toyota ta sayar da motar iyali RAV4 fiye da 400,000 a wannan kasuwa. Ga kuma matsalar inji. Tun asali duk wata Supra da silinda 6 a jere aka san ta, domin wannan tsari yana da wata baiwa: motsin kowane fistin yana da abokin da ke daidaita shi, sai injin ya riƙa juyawa sumul ba girgiza, da wata murya da kunnen masoyi ke ganewa daga nesa. Aibinsa tsawo. Ba ya shiga a gicciye cikin ƙananan motocin zamani, saboda haka yawancin kamfanoni suka watsar da shi, Toyota ma ta daina ƙera 2JZ a 2007. Sake gina sabon inji irin wannan, da layin masana'antarsa, domin motoci ƴan dubbai, hauka ne a idon mai lissafi. BMW kuwa ba ta taɓa rabuwa da wannan tsari ba, ita ma tana da tata damuwar, domin Z4 ba ta samar da cinikin da zai biya kuɗin sabunta ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Janairu na 2013 kamfanonin biyu suka sa hannu kan yarjejeniya.

Wanda aka ɗora wa nauyin aikin a ɓangaren Toyota shi ne injiniya Tetsuya Tada, mutumin da ya riga ya ɗanɗana zama da abokin tarayya, domin shi ya jagoranci ƙirar Toyota 86 ta 2012, wadda aka yi tare da Subaru, da injin Subaru, a masana'antar Subaru. Bisa abin da ya yi ta bayyana wa ƴan jarida, ɓangarorin biyu sun fara ne da daidaitawa kan ƙashin motar, wato inda inji zai zauna, da faɗinta, da tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Wannan tazara mita 2 ce da santimita 47, ta gaza ta ƙaramar 86 da santimita 10, kuma gajartar ce ta tilasta a cire kujerun baya, ta ba motar saurin juyawa a kwana. Nauyinta an raba shi daidai, rabi gaba rabi baya. Porsche Cayman suka sa a gaba a matsayin abokiyar gasa. Bayan an gama wannan sai kowa ya kama gabansa: Jamusawa suka yi mota mai buɗaɗɗen rufi domin shan iska, Japanawa suka yi mai rufin ƙarfe, suka daidaita sitiyari da birki da sassan da ke shanye gargada yadda suke so. Hujjar Toyota ke nan, cewa ƙashi ɗaya ne amma tarbiyya daban.

Masu gunaguni ba su karɓi wannan hujja ba, kuma ƙorafinsu ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ido. A 2014 Toyota ta nuna wata motar gwaji mai suna FT-1, doguwa, shimfiɗaɗɗiya, wadda ta sace zukata. Da aka matse wannan zane a kan gajeren ƙashi, sai ya fito kamar babbar riga a jikin yaro, ga kuma wasu ramukan iska a jikinta da aka toshe da roba, ado kawai. Wannan ƙorafi yana da gaskiya, amma bai da nauyi, domin ido yakan saba.

Akwai na hannu, shi kuwa ya fi zafi. Motar ta fito ne da giya mai sauya kanta kaɗai, babu kuloci, babu sandar da direba zai kama. Mai karatun da bai damu da irin waɗannan motoci ba zai yi mamaki, tun da giyar zamani ta fi hannun kowane direba sauri. Amma masoyin mota ba saurin kaɗai yake saye ba. Yana son ƙafarsa ta hagu ta yi aiki, yana son ya yi kuskure ya gyara, ya ji cewa da shi ake tafiyar. Mahayin da ya saba da linzami ya san bambancin hawa doki da zama a kan doki.

Sai ƙorafi na uku, wanda duk direban da ya taɓa ratsa hanyar Tawa zuwa Agadas zai gane ba tare da dogon bayani ba. A ƙasashen Sahel, kamar a sauran duniya, sunan Toyota alkawari ne. Mai sayen Hilux ko Land Cruiser ya san abin da ya saya: mota mai haƙuri da zafi da ƙura da mugun mai, wadda makaniken kowane gari ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna kasuwa. Motocin alfarma na Jamus kuwa an san su da daɗin tuƙi, an kuma san su da tsadar gyara idan suka tsufa. Saboda haka da masoyin Supra ya ga tambarin BMW a kan sassan da ke ƙarƙashin murfi, tambayar da ya yi mai ma'ana ce: idan motar nan ta shekara 15, halin wa za ta nuna, na wanda ya sa mata suna ko na wanda ya haife ta? Toyota ta amsa da cewa ta warware injin gunduwa-gunduwa, ta auna shi da ma'auninta, ta nemi gyara inda ta ga rauni. Lokaci ne kaɗai zai cika wannan shaida, domin inji ba ya nuna halinsa na gaskiya sai ya tsufa a hannun mai shi na uku.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda suka tuƙa ta, su kuwa maganarsu gajeruwa ce. Gani ya kori ji. Mujallun motoci na Amurka da Turai sun yaba saurinta da yadda take bin kwana. An rubuta mata ƙarfin doki 335 a Amurka, amma da mujallar Car and Driver ta ɗora ta a kan na'urar awo sai ta iske abin da ke isa tayoyi ma ya ɗara haka, wato Jamusawa sun rage wa kansu mudu a takarda. Injin, mai lamba B58, da alminiyam aka yi shi, abin da ya sa masu bautar baƙin ƙarfe suka raina shi tun farko. Shekarar ba ta ƙare ba sai da wani sanannen mai gyaran motocin tsere a Kaliforniya, Stephan Papadakis, ya warware shi ya sake ɗaurawa, ya fitar da ƙarfin doki 1,000 daga cikinsa. Abin da aka ce 2JZ kaɗai ke iyawa, ga baƙo ya yi.

Idan aka tsaya a nan, sai a ce masu gunaguni sun sha kaye. Hasali ma tarihin gidan da suke karewa bai goyi bayansu ba. Motar da ta fara ɗaga sunan Toyota a wannan fage, 2000GT ta 1967, tare da kamfanin Yamaha aka ƙera ta, a masana'antar Yamaha aka harhaɗa ta, kuma babu mai kiranta ƴar riƙo. Lexus LFA, wadda aka yi guda 500 kacal daga 2010 zuwa 2012, da hannun Yamaha a injinta. Abin da ya fi ban dariya shi ne ita kanta Supra ta 1993, wadda ake rantsuwa da tsarkin jininta: akwatin giyarta ta hannu mai hawa 6, wanda masoya ke yabo kusan kamar yadda suke yabon injin, kamfanin Getrag ne ya ƙera shi, Getrag kuwa na Jamus ne. Ashe tun a wancan zamani hannun direban Supra a kan aikin Bajamushe yake. A Graz ɗin da ake yi wa gori kuma ake harhaɗa Mercedes G tun 1979, ba a taɓa jin wanda ya ce ta tashi daga Mercedes ba. Wanda ya tona asalin kowace mota zai iske dangi daga ƙasashe goma.

Duk da haka, kuskure ne a sallami waɗannan mutane da cewa jahilci ne ko taurin kai. Akwai abin da suka rasa da gaske, ko da yake ba su iya faɗarsa daidai ba, sai suka fake da ramukan roba da ƙarar ƙofa. Yamaha da Subaru ƴan gida ne, Getrag kuwa ɗan kwangila ne da aka sayi kaya a hannunsa. BMW fa? Ita ce kishiyar. Ma'anar tsohuwar Supra, a zukatan masu sonta, ita ce Japan ta ƙera da kanta abin da zai kunyata Jamus. Shi kansa Akio Toyoda ya san wannan ciwo fiye da kowa. Ya sha ba da labarin shekarun da ya yi yana koyon tuƙin gwaji a filin tsere na Nürburgring a Jamus, a ƙarƙashin babban direban gwajin Toyota, Hiromu Naruse, wanda ya rasu a hatsari kusa da wannan fili a 2010. Da tsohuwar Supra yake atisaye, motar da kamfaninsa ya riga ya daina ƙerawa, yayin da sababbin motocin gwaji na sauran kamfanoni ke wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan takaici ya ƙudurta dawo da ita. Sai ga shi hanyar da ta rage masa ita ce ya nemi inji a gidan waɗanda filin yake ƙasarsu. Masoya sun ji wannan a jikinsu, shi ya sa ba wanda ya zagi BMW, ita da ta sayar da abin da take da shi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Suna linzami ne, in ji Hausawa. Da Toyota ta kira motar da wani sabon suna, da mai yiwuwa an karɓe ta da tafi, kamar yadda aka karɓi 86 ba tare da an tsananta binciken iyayenta ba. Amma kamfanin yana buƙatar sunan, domin sunan ne ke jawo mutane shago, kuma wanda ya ci moriyar suna dole ya ɗauki bashin da ke kansa. A nan masu gunaguni suke da gaskiya. Inda suka kauce shi ne zaton cewa akwai wata Supra ta Japan zalla da aka hana su. Zaɓin da ke kan teburin Toyota biyu ne, ko wannan ko babu. Nissan ta gwada ɗaya hanyar a 2022, ta fitar da sabuwar Z da injinta na gida, amma domin kuɗin ya isa sai ta ɗora ta a kan ƙashin tsohuwar 370Z, nan ma aka ce an yi wa tsohuwa kwalliya. Honda ta ƙera NSX ta biyu ita kaɗai, ta fito da tsada, ta daina a 2022. Kowa da irin kuɗin da ya biya.

Abin lura kuma shi ne gunagunin bai tafi a banza ba. A ƙirar 2021 an ɗaga ƙarfin injin zuwa doki 382 a Amurka, abin da ya faranta wa sababbin masu saye, ya kuma ƙona ran waɗanda suka yi gaggawar saye a shekarar farko. A 2022 Toyota ta miƙa wuya, ta fitar da Supra mai giyar hannu hawa 6. Ita BMW sai a 2024 ta ba Z4 mai silinda 6 irin wannan giya, wato a wannan karon Bajamushiyar ce ta bi sawun ƴar uwarta. A 2024 ɗin, fiye da rabin Supra da aka sayar a Amurka masu giyar hannu ne, shaidar cewa masu ƙorafin kuloci sun san abin da suke faɗa. Sai dai jimillar cinikin shekarar bai kai mota 3,000 ba, shaidar cewa masu lissafin kamfanin ma sun san nasu.

A ƙarshen 2024 Toyota ta sanar da wata ƙira ta ban kwana, guda 300 domin Turai da Japan, daga baya kuma kamfanonin biyu suka sanya watan Maris na 2026 a matsayin lokacin da Graz za ta daina harhaɗa tagwayen. Tun da labarin ya fita muryoyi suka fara sauyawa. Kalmar Zupra ta ragu a bakuna, aka koma lissafin wace shekara ce ta fi, wane launi ne ya yi ƙaranci, nawa mai giyar hannu za ta kai nan da shekara 20. Mutumin nan da ya kalli fim a 2001 ya kai 40 yanzu, ya kuma soma leƙa farashin ta hannu. Ɗansa, wanda ya fara tuƙa ta a wasan bidiyo, B58 ya haddace, kuma idan ana maganar Supra, wannan ta Graz yake nufi.